Motar Gwangwani da Makullin Yaya Iro

Kun taso kuna jin ana cewa ni ne sanadin da Babanku Iro ya bar tuƙi ya koma noma a Sabuwa. Wasu cikin 'ya'yansa har yau idan sun zo gaishe ni suna sunkuyar da kai fiye da yadda ladabi ya buƙata, kuma ban ga laifinsu ba, abin da aka ba su ke nan. An gaya musu haƙuri kawai aka ce in bayar, taurin kai irin na 'yan boko ya hana ni. Ba haƙuri aka nema a wurina ba. Mu uku ne muka san abin da aka nema, biyu sun rasu, don haka zan rubuta shi tun ina da ido.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan ina kwalejin horon malamai. Idan an yi hutu Sheme nake zuwa, gidan Yaya Iro, domin bayan rasuwar mahaifinmu a Mabai ya ɗauko Inna ta dawo wurinsa. Da wuya ku gane irin waɗannan shekaru. Mutumin da bara ka san shi da jaki, bana sai ka gan shi bisa babur da rediyo ɗaure a baya. Kwano ya hau rufin ɗakuna, siminti ya yi wuya saboda kowa gini yake. Amma abin da na fi tunawa shi ne irin kallon da mutane suka koma yi wa juna. Wanda bai samu ba yana tambayar ta ina wane ya samu, wanda ya samu kuma yana lissafin waɗanda ba su taya shi murna ba. Alhaji Sada, mai motar da Yaya Iro yake ja, yana cikin na biyun. Da can dillalin auduga ne mai fara'a, yana cin tuwo a kowane zaure. Da ya sayi babbar mota mai bodin katako sai ya daina cin abincin da ba a gidansa aka dafa ba, ya daina faɗin ranar tafiya sai ranar ta zo, ya sa aka ɗaure layu a ƙarƙashin sitiyari har suna bugun gwiwar direba. Akwai wani Alhaji Rabe a Kankara, tsohon abokin cinikinsa, da ya sayi mota irin tasa, suna takarar lodi a kasuwanni ɗaya. Ko taya ce ta yi faci, sai Alhaji Sada ya girgiza kai ya ce mutumin Kankara bai yi barci ba jiya.

Ni kuwa saurayi ne marar magana. Idan baƙi suka yi sallama nakan nemi abin yi a bayan gida. Abu biyu na iya, karatu da ƙera mota. Na fara da karan dawa kamar kowane yaro, sauran suka girma suka bari, ni ban bari ba. Na koma gwangwanin madara da garwar kananzir, ina yankawa da almakashi, ina liƙawa da dalma, tayoyi kuma in fere su daga tsohon silifa. Ba na jan su a ƙasa. Burina shi ne in ajiye tawa kusa da ta gaske a rasa abin da ya raba su sai girma. Abin da ya hana ni kaiwa nan fenti ne. Buroshi komai laushinsa yana barin sawu, kuma a jikin motar da ba ta wuce kamu ɗaya ba, sawun buroshi kamar kunyoyin gona yake fitowa. Na gwada gashin kaza, na gwada auduga, har na gwada famfon feshin sauro na Inna, ya tofar da fentin gudaji-gudaji ya toshe, Inna ta yi kwanaki tana ambatona duk lokacin da sauro ya cije ta. A ɗakin karatu na kwaleji ne na ga hoton wani ɗan ƙaramin abin feshi da Turawa suke fentin irin waɗannan ƙananan motoci da jirage da shi. Na adana daga alawus ɗin da ake ba mu, da hutu ya zo na roƙi Yaya Iro ya tafi da ni Zariya ranar da zai kai masara.

Mai kantin mutumin kudu ne a Sabon Gari, yana sayar wa masu ɗaukar hoto da masu rubuta allon kanti kayan aiki. Ya fito mana da iri uku ya jera bisa tebur. Na farko bindigar fenti ce irin ta masu fentin mota, da gwangwaninta a ƙasa, ba ta aiki sai da injin iska, injin kuma sai da lantarki.

"Wannan in ka danna sau guda motar taka ta nutse," in ji Yaya Iro. "Kuma Sheme ina wutar?"

Na biyu shi ne wanda na gani a littafi. Kamar alƙalami yake, na ƙarfe mai sheƙi, da allura a cikinsa da ɗan kofin fenti kamar murfin kwalba. Akwai maɓalli a samansa, idan ka danna iska ta fito, idan ka ja shi baya fenti ya biyo ta, gwargwadon jan da ka yi. Mai kantin ya ja mini layi siriri kamar gashi bisa takarda, sannan ya ɗaga hannu layin ya buɗe ya zama inuwa.  Shi ma iska yake bukata ta tiyo, amma mai kantin ya ce ba dole sai inji ba, da yawa tayar mota suke kai wa mai faci ya cika, su ɗaura tiyon a bakinta.

"To ai an gama," in ji Yaya. "Safayar motarmu na nan zamne bisa bodi ba ta aikin komai. In mun dawo ka sauke ta ka yi feshinka, in zan tahi a cika mani ita."

Na uku ba shi da kwarjini ko kaɗan. Bututu ne biyu sirara, haɗe kamar gwiwar hannu. Ɗaya ake tsomawa cikin kwalbar fenti, ɗaya a sa a baki a hura, iskar ta ɗauko fentin ta watsa. Feshinsa bai kai na alƙalamin laushi ba. Sai an tsinka fentin da fetur sosai, an tace da ƙyalle, an hura daga nesa a hankali, shafi bisa shafi, ana jira kowanne ya bushe.

Na daɗe a tsaye, har Yaya ya fita ya sha rake ya dawo. Kuɗina sun isa alƙalamin, ba su nake aunawa ba. Kaina nake hangowa ina gangaro da tayar babbar mota daga tasha zuwa gida ta tsakiyar Sheme, yara suna bina, masu shayi suna tambayar ina za a kai ta, gobe kuma in mayar da ita a sake kallona. Bututun kuwa yana shiga aljihu. Ba ya ƙara, ba ya bukatar in roƙi kowa komai.

"Wanga zan ɗauka," na ce.

"Mun ƙona mai tun daga Sheme don ka sayi mabusa?" in ji Yaya.

Mai kantin ma bai so ba. "Aboki, wancan ya fi. Wannan huhu yake ci."

Na ce ina da huhu. Yaya ya yi ta tsokanata har Funtuwa, yana cewa idan karatu ya ƙi sai ya kai ni wurin masu algaita. Na sha tunani daga baya cewa da alƙalamin na ɗauka, da garin duka ya san abin da nake yi tun ranar farko, da an yi mini dariya an gaji an manta.

Motar Alhaji Sada na zaɓa in kwaikwaya, don ita ce take kwana a ƙofar gidanmu idan Yaya ya dawo. Na auna ta da igiya daga bamba zuwa ƙarshen bodi, da sassafe kafin mutane su fito, don kada a tambaye ni. Na ɓamɓaro ɗan ɓawon fentinta ta ƙarƙashi inda ba a gani, kore da ja da ruwan ɗorawa, na ƙunshe a takarda don in haɗa launi daidai. Zanen tayar ya ba ni wuya, sai wata safiya bayan an yi ruwa na ga ta bar sawu mai kyau a taɓon ƙofar gida. Na durƙusa na yanko wurin da wuƙa, na shanya ya bushe, ina kallo ina fere silifa. Na sa mata lambarta. Na zana zakin da ke bayan bodi da gajeriyar ƙafarsa ɗaya, yadda mai fentin ya yi kuskurensa. Har layun ƙarƙashin sitiyari na yanka daga guntun fata na rataya, kowace kamar ƙwayar wake. A lokacin ban ga komai a cikin wannan ba sai aiki mai kyau.

A bayan rumbu nake feshin, da hantsi, lokacin da iska take kwantawa. Bututun ya yi abin da nake so. Fentin ya kwanta sumul kamar daga kamfani, babu sawu ko ɗaya, ko da yake kaina yana juyawa saboda warin fetur. Ina da wata ɗabi'a tun ina yaro, idan na natsu bakina yakan yi motsi, ko karatu nake ko lissafi. Wata rana Hinde, matar Yaya, ta zo ɗibar dawa ta iske ni a durƙushe gaban motar, na hura jan fenti a madigadin hagu, na tsaya ina motsa baki, na sake hurawa, leɓɓana duk sun yi ja. Tsakanina da Hinde wasa ne irin na matar wa da ƙanin miji. Ba ta wuce ni ba tare da ta ce mijinta na boko ya rame, ko ta tambaye ni yaushe zan yi mata kishiya da littafi ba. Ran nan sai ta ce,

"Sannu da aiki, Malam Bishir."

Ta juya da ƙwaryarta babu dawa.

Damina ta yi nisa lokacin da abin ya faru. Yaya ya ɗauki takin zamani zai kai Sabuwa. Kun san hanyar, a lokacin kuma ta fi haka muni. Ruwa ya cinye gefen wani kwalbati ta ƙasa, sama kuma lafiya lau a ido. Tayar gaba ta hagu ta rufta, motar ta kwanta a gefenta. Ba wanda ya ji ciwo sai karen mota da ya gurɗe ƙafa. Takin ya jiƙe, fitila ta fashe, madigadin hagu ya lotse. Babu daminar da ake gamawa wata mota ba ta kwanta a wannan hanya ba, kowa ya sani.

Ban san wanda ya fara kai maganar waje ba. Hinde ta rantse ba ta gaya wa kowa ba sai wata ƙawarta. Amma da maganar ta fita sai ta tarar da 'yan'uwanta suna jira. Mai shayi ya tuna ya taɓa ganina da igiya ina kewaya motar da asuba. Wani ya tuna ya ga na ɗebi sawunta da wuƙa, kuma kowa ya san abin da ake ɗibar sawu don shi. Karen motar ya ce ya gan ni kwance ƙarƙashin bodi ina kankara. Duk gaskiya suka faɗa. Ni ma sai na kama irin ciwon garin. Wanda ya gaishe ni da fara'a in ce gulma ya zo ɗauka, wanda ya ƙi gaishe ni in ce shi ne ya kai. Da aka gyara motar aka dawo da ita, Alhaji Sada ya aiko a karɓi makulli. Ya ce motar za ta huta, direban ma ya huta.

Da farko Yaya dariya yake yi. Yana cewa da Bishir yana da asirin kada mota ai da ba ya gudun kaza idan ta taso masa. Amma kasuwa ta ci ta sake ci, yana zaune a zaure yana jin motoci suna wucewa, yana gane kowace da kukanta. Dariyar ta riƙa raguwa. Wata rana bayan azahar Inna ta kira ni ɗakinta.

"Zamna. Ni na haife ka, ba zan ji tsoronka ba. Wa ya ba ka?"

"Ya ba ni mi, Inna?"

"Abin da kake karantawa in kana hurawa."

"Ba na karanta komai. Haka bakina yake, ke ma kin sani."

"Na sani. To ƙasar sawun fa?"

Na yi mata bayanin zanen taya. Ta tambayi ɓawon fenti, na yi mata bayani. Ta tambayi layu, ta tambayi dalilin yin awo da asuba, ta tambayi abin da ya sa ja, kuma a hagu. Na ce madigadin dama ma ja ne, na riga na gama shi ne kafin Hinde ta zo. Ta saurare ni har ƙarshe tana murza carbi.

"Duk na ji," ta ce. "Kowanne da dalilinshi. Yawansu ne ya dame ni."

Sai kuma aka rasa yadda za a yi da motar gwangwanin kanta. Hinde ta ce a ƙona ta kowa ya huta. Inna ta ce ta ƙona mana, in motar mutane ta kama wuta a hanya sai ta san wa za ta gaya wa. Aka ce a jefa ta a rafi, aka tuna rafukan da ke hanyar Sabuwa. Aka ce a binne, ba wanda ya ƙarasa maganar. Haka ta zauna bisa bakin rumbu, waɗanda suka ce ba su yarda da zancen ba su ne suke korar kaji kada su ture ta. Yaya ya ɗauko Malam Ɗahiru, limamin unguwarmu. Ya juya ta a hannu, ya buɗe ƙofar direba ya rufe, ya sake buɗewa don ta ba shi sha'awa. Ya tsinke laya ɗaya ya tsaga da farce, bai ga komai ba sai fata. Ya ce gwangwani ne da fenti, kuma zato irin wannan zunubi ne, ya tafi da ƙafarsa ya gaya wa Alhaji haka. Amsar da ta dawo mana ita ce, Malam mutumin kirki ne amma bai san irin na 'yan boko ba, nasu cikin littattafan Turawa yake.

Bayan haka Alhaji ya aiko in zo ni kaɗai, in taho da motar. Na je bayan la'asar. Ɗakinsa cike yake da sababbin kaya, agogon bango, katifa da ledarta ba a cire ba, fanka a tsaye tana jiran ranar da wuta za ta zo garin. Ya shimfiɗa farin ƙyalle ya ce in ajiye ta a kai, bai taɓa ta ba. Makullin Yaya yana bisa darduma kusa da gwiwarsa, inda ba yadda zan yi in ƙi ganinsa.

"Ban kira ka don faɗa ba," ya ce. "Yaro mai baiwa ba a faɗa da shi."

"Alhaji, abin sha'awa ne kawai. Ba ya komai."

"Haka ne. Wa ya sa ka? Mutumin Kankara?"

"Ban taɓa ganinshi ba."

"Madalla. Tunda ba ka tare da shi, sai ka zama tare da ni." Ya rage murya ko da yake babu kowa. "Motarshi na zuwa nan duk ran kasuwa. Ka auna ta yadda ka auna tawa. Ka ɗebi sawunta. Ka yi mata irin wagga, ka hura mata. Ba rai nake nema ba, Allah ya kiyaye. Ta dai kwanta ta huta yadda tawa ta huta. Ran da ka kawo mani ita, yayanka ya amshi makullinshi."

Na sake cewa ba ta komai. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa ɗan kasuwar da ke kushe kayansa don kada a san ribarsa, ya ce in je in yi shawara.

Yaya yana jirana a gindin wata bishiyar ɗorawa da ke hanyar gida. Na gaya masa duka. Ya yi dariya har ya dafa bishiyar, dariyar da ya daɗe bai yi ba. Da ya gama ya share ido ya ce,

"To ka yi mashi mana."

Ya ƙara da cewa,

"Kai ka ce gwangwani ne."

"Gwangwani ne."

"To ka yanka mashi gwangwani, ka busa mabusarka, ni in amshi makullina. Wa aka cuta?"

Ban iya magana mai tsawo ba, amma ran nan na yi ƙoƙari. Na ce shi ya fi kowa sanin hanyoyin nan. Motar Alhaji Rabe za ta kwanta wata rana, ko na yi ko ban yi ba. Ranar da ta kwanta Alhaji Sada zai tabbata ni ne, kuma ba zai iya riƙe bakinsa ba, don zai so a ji tsoronsa. Idan a ranar aka rasa rai, to akwai gidan da za a gaya wa sunana, da sunansa shi Yaya. Baɗi kuma wani zai sayi mota a Faskari, a sake kirana. Na ce ko babu wannan duka, ba zan iya durƙusawa ina hura fenti ba alhali na san abin da mutumin yake fata daga kowane hurawa.

"Niyyar tashi ce, ba taka ba."

"Bakin nawa ne, Yaya."

"Direban Alhaji Rabe kake tausayi, wanda ba ka san ko fuskarshi ba. Ni fa?"

Ya ci gaba,

"Kai hutu zai ƙare ka koma, gwamnati na dafa maka shinkafa. Ni nan za ka bar ni da mata da uwa da yara, ina kallon hanya."

Wannan ma gaskiya ce. Na yi kwanaki ina neman wata ƙofa. Na yi tunanin in yi motar amma in saka kuskure da gangan, in juya lamba ɗaya, in canja launin bamba, don in gaya wa kaina ba ita ba ce. Sai na ga wannan kaina kawai zai yaudara. Abin da Alhaji zai ɗauka ya saya ba zai canja ba, kuma abin da za a ce ranar da motar ta kwanta ba zai canja ba. Ran kasuwa na ga motar Alhaji Rabe a tasha. Direbanta wani dattijo ne mai furfura a gemu, yana zaune bisa bamba yana ɓare wa wata 'yar yarinya dafaffiyar gyaɗa. Na wuce ban rage tafiya ba. Washegari na koma wurin Alhaji Sada na ce ya gafarce ni, ba zan yi ba, kuma Yaya ba shi da hannu a cikin komai. 

"Ashe mutumin Kankara ya riga ni," ya ce.

Ya ɗauki makullin ya sa a aljihu. Motar gwangwanin kuwa bai mayar mini ba. Na ji an ce ya naɗe ta a farin ƙyallen ya kulle a akwati, kuma har ya rasu ba ya yarda a ja akwatin da ƙarfi idan ana shara.

Yaya ya nemi wata motar. Ya je Faskari, ya je Kankara, kowa ya san shi direba ne mai hannu, kowa ya karɓe shi da mutunci ya ce a ba shi lokaci. Babu mai son ya ba da makullinsa ga mutumin da motarsa za ta riƙa kwana a ƙofar gidan da nake sauka. Alhaji Rabe ma labari ya kai masa, ko da yake ba duka ba, ya sa direbansa ya daina barin mota ita kaɗai a tashar Sheme. Maganar cewa haƙuri aka ce in bayar na ƙi, Yaya ne da kansa ya ƙirƙire ta. Ya ce mini gara a ce ina da taurin kai da a ji an taɓa yi mini tayin irin wannan aiki, don idan aka ji, wasu za su zo da nasu tayin, wasu kuma da sanda. Ko Inna haka ya gaya mata, kuma da haka ta rasu. Yana fushi da ni lokacin da ya yi mini wannan rufin asiri, ba ya ko cin abinci tare da ni. Ina so 'ya'yansa su san wannan game da ubansu.

Dangin Hinde suna da fili a Sabuwa, ƙasa mai kyau a bakin daji. Da kaka ta yi, Yaya ya yanke shawarar komawa can. Na roƙi izini daga kwaleji na zo taya su ɗaure kaya. Da safe muka kai kayan tasha, aka loda a motar wani mutumin Dandume. Aka sa Inna da Hinde da yara a gaba. Yaya ya kama ƙarfen bodi ya hau can sama bisa buhuna, tsakanin tabarmi da awaki, mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa a mota ba sai bayan sitiyari. Ni kuma ina tsaye a ƙasa ban san abin da zan ce masa ba, sai idona ya koma ga abin da ya saba. Ina kallon yadda aka haɗa katakon bodin, da wani lanƙwasa a bamba, da zanen tayar baya. Ban lura ba sai da na ga direban ya leƙo ta taga yana kallona, karen motarsa ma ya tsaya da igiya a hannu.

"Bishir," in ji Yaya daga sama.

"Na'am, Yaya."

"Juya baya har mu tashi."

Akwai wani abu kamar murmushi a bakinsa. Ko don hankalin direban ya kwanta ya faɗa, ko tsokanar da ya saba ce ta dawo, ko kuwa shi ma a can cikin ransa akwai ɗan abin da bai gama yarda da shi ba, ban sani ba. Mun yi shekaru da yawa bayan nan, mun shirya, na sha zuwa Sabuwa na ci sabuwar masararsa, amma ban taɓa tambayarsa ba.

Na juya na fuskanci bangon mai shayi. Na ji an tayar da injin, na ji an buga bodi alamar a tafi. Direban ya sa giya ta biyu tun lokacinta bai yi ba, motar ta yi tari kafin ta ɗauka, na san Yaya ma ya ji. Ina nan tsaye har kukanta ya ɓace ta hanyar kudu.